Darasi: Ƙananan itatuwan bakin ruwa da suka fara wuyar gani



Idan damana ta ɗauke, ruwa ya fara janyewa daga tabkuna da fadamu, kowa yakan saɓa gatari da adda ya nufi bakin ruwa don ya share wurin albasa, tumatir, kabeji ko rogo. Aiki ne mai kyau. Shi ke tallafa wa rumbu a shekarar da hatsi bai yi ba. Amma cikin wannan sharar ce muke asarar wasu itatuwa waɗanda ba su fitowa a tudu sam. Mai gatari duhuwa kawai yake gani, ya sare, ya tara, ya sa wuta. Baɗi gaɓar ta zube, yashi ya gangaro cikin tabki, mai neman magani kuma ya yi tafiyar yini bai samu saiwar da kakansa ke haƙowa a bayan gari ba.

Darasinmu na yau kan waɗannan itatuwa ne: yadda za ku gane su, da irin wurin da kowane ke so. Idan mun ce ƙaramin icce, muna nufin wanda rassansa ke tasowa da yawa tun daga gindi, kamar sabara ko geza. Wasu daga ciki, idan aka ƙyale su, sukan girma su zama manya. Za mu riƙa faɗin sunan da masana ke rubutawa a littattafansu, domin idan kun je wurin ma'aikatan gandun daji ku fahimci juna, tun da sunan icce ɗaya yakan bambanta daga Gobir zuwa Damagaram.

Ku duba wuri kafin ku duba icce

Ku tsaya a bakin tabki cikin watan Nuwamba, ku duba daga tsakiya zuwa tudu. Za ku ga tsirrai sun jeru zobe-zobe. A tsakiya, inda ruwa ke daɗewa, bado ne da burgu. Bayansu sai baƙar laka wadda ruwa ke kwana kanta wata biyu, uku, har huɗu, ta tsattsage da rani. Nan ne gidan giyayya da bagaruwa. Daga nan sai gaɓa, inda ruwa ke taɓawa kwanaki kaɗan a shekarar da aka yi malka sosai. Nan za ku tarar da kanya, marke, magaryar kura, ungududu, da kurukuru a kan suri. Da zarar kun fara ganin sabara, geza da taramniya, to kun fita daga hurumin ruwa, kun hau tudu.

Wannan jeri yana da amfani fiye da sanin suna. Inda giyayya ta fito da kanta ta tsufa, ruwa yana zuwa wurin, ko da bana bai zo ba, ko da an shekara biyar bai zo ba. Kada ku kafa rumbu can, kada ku gina ɗaki. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun nuna wa mutane da yawa cewa ruwa yana komawa tsohuwar hanyarsa.

Wuraren ruwan ƙasarmu kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, da rassansa irin su Mekuru da Tapowa a gandun daji na W. Akwai Dallol Boso da Dallol Mauri, tsofaffin kwaruruwa masu yashi waɗanda ruwansu ke kwance kusa a ƙarƙashin ƙasa. Akwai Gulbin Maraɗi da tabkin Madarumfa. Akwai Majiya da tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa. A Damagaram akwai Korama, da Gidimuni, da Lasuri. Can gabas kuma ga Komadugu da tabkin Cadi, da kwaruruwan kanwa na ƙasar Manga. Gaya tana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Gigimi kuwa wajen 200. Saboda haka iccen da yake a wadace a Gaya yana iya zama abin nuna wa yara a Tawa.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa a 1987. Tabalak, Ɗan Dutsi da Lasuri sun shiga jerin wuraren da aka amince da muhimmancinsu a 2005, Madarumfa da Gidimuni kuma a 2019. Sunan yana kan takarda. Tsaron gaɓar kuwa yana hannun waɗanda ke noma ta.

Abin da za ku duba a jikin icce

Kada ku tsaya kan girman ganye kawai, don ganyen icce ɗaya yakan yi faɗi a inuwa ya ƙanƙance a rana. Ku duba yadda ganyen ya zauna a reshe. Biyu-biyu ne suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Ganye guda ne, ko ya rabu gida-gida kamar na tsamiya? Akwai ƙaya? Ku murza ganyen ku sansana. Sannan ku nemi fure ko ɗiya, ko da busassun bara ne a ƙasa. Icce ba fure ba ɗiya yakan ruɗe har masani.

Ga wata alama da za ta taimake ku ƙwarai. Giyayya, tafashiya da kurukuru dangi ɗaya ne, dangin iccen kofi. Dukansu ba su da ƙaya, ganyensu biyu-biyu ne, kuma a tsakanin ganyen biyu, daidai gaɓar reshe, akwai wani ɗan ƙaramin kunne da ke rufe toho. A sabon reshe ake ganinsa, don yakan faɗi idan reshe ya ƙosa. Wanda ya koyi ganin wannan ɗan kunne ya yi rabin aiki.

Giyayya

Masana suna ce mata Mitragyna inermis. Zabarmawa suna ce mata kabe, Fulani kuma koli. Ita ce uwar tabki. Takan fito da gindi da yawa daga wuri ɗaya, kanta ya yi dunƙule kamar laima. A wuri mai kyau takan kai mita 8 ko 10, amma inda ake yawan sara sai ta tsaya gajeriya, ta yi tsiri-tsiri.

Ganyenta bai kai tafin hannun yaro ba, yana da ɗan tsini. Sabon toho ja ne, kuma wannan jan shi ke fara jan ido daga nesa a farkon damana. Furenta fari ne mai ɗan ruwan madara, a dunƙule kamar ƙaramar ƙwallo, da ƙamshi mai ƙarfi. Masu amya sun san shi, don zuma ba ta barin giyayya idan ta yi fure. Bayan furen ya bushe, dunƙulen yakan koma baƙi-baƙi mai kaushi, kamar girman ɗan kanya, ya zauna a reshe har rani ya ƙare. Da wannan ake gane giyayya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ganye ya kaɗe: icce mara ƙaya a tsakiyar busasshiyar laka, da baƙaƙen dunƙuloli a kan rassansa. Cikin kowane dunƙule akwai iri ƙanana ƙwarai, waɗanda iska da ruwa ke ɗauka.

Amfaninta da yawa. Iccenta yana jure gara, ana yin allo da shi, da ƙotar fartanya, da jigon rufi. Tumaki da awaki suna cin ganyenta. Ana dafa ganye da ɓawo don zazzaɓi, ana kuma samun rini ruwan ɗorawa daga ɓawon. Amma babban aikinta shi ne wanda ba a gani. Saiwoyinta suna riƙe laka. Lokacin da ruwa ya cika, ƙananan kifaye suna fakewa cikin gindinta, inuwarta kuma tana rage zafin ruwa. Masunta sun fi kowa sanin inda tarwaɗa ke kwana.

Wani zai ce, ai giyayya ba ta yi wuya ba, muna da ita. To, ku je ku ƙidaya. Tsofaffi nawa ne, ƙanana nawa ne? A wurare da yawa tsofaffin ne kaɗai suka rage, kowace da tabon gatari. Irin giyayya yana tsira ne a kan ɗanyar laka bayan ruwa ya janye, kuma daidai wannan lakar ce ake nomewa, ita ce kuma bisashe ke tattakewa idan sun zo sha. Uwa tana tsaye, ɗiya ba su tashi. Sa'ar da muka yi ita ce giyayya tana tohowa da kyau idan an sare ta a bar kututture. Abin da ke kashe ta shi ne ƙona gindi da tumɓuke saiwa.

Tafashiya

Wannan kam baƙuwa ce a mafi yawan ƙasarmu. Sunanta na littafi Sarcocephalus latifolius, wasu littattafai kuma suna rubuta Nauclea latifolia. Iccen ƙasashen kudu ne masu yawan ruwa. A Nijar sai can ƙarshen kudu, wajen Gaya da gandun daji na W, a bakin rafuka da kwazazzabai masu sanyi. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun fi sanin saiwarta a tabarmar mai magani ranar kasuwa.

Ba ta miƙewa tsaye kamar giyayya. Rassanta dogaye ne, suna lanƙwasowa su jingina da wani icce ko su taɓa ƙasa. Ganyenta babba ne, yakan kai tafin hannun babba har ya wuce, kore shar, yana sheƙi kamar an shafa mai, kuma sandar ganyen takan yi ja. Furenta ma dunƙule ne fari, amma ya ninka na giyayya, da tsinkaye farare sun fito ta ko'ina kamar an soka allurai a ƙwallo. Ɗanta shi ne babbar shaida. Dunƙule ne mai nama, kamar girman lemun tsami ko ya fi, ja-ja, jikinsa da ƴan ramuka. Cikinsa ja ne da ƙananan iri barkatai, ana ci, da ɗan zaƙi da ɗan tsami. Birai suna son sa. Giyayya busasshen dunƙule take yi, tafashiya mai nama. Saiwar tafashiya kuma, idan an kankare, ruwan ɗorawa ce, da ɗaci.

Saiwar nan ce ke jawo mata halaka. Ana neman ta don zazzaɓi da ciwon ciki, kuma mai haƙa don sayarwa ba ya barin komai a rami.

Bari mu gyara wata magana da ta taɓa yawo. A 2013 wasu masu bincike sun ba da labarin cewa sun samu tiramadol a cikin saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka sake bin diddigi, suka nuna cewa maganin daga waje ya shiga. A arewacin Kamaru mutane suna shan ƙwayar, suna kuma bai wa shanun huɗa, sai ta bi fitsari da kashi ta shiga ƙasa, saiwoyi suka tsotsa. A kudancin ƙasar, inda ba a wannan ɗabi'a, ba su samu komai a cikin saiwar ba. Kada wani ya ruɗe ku ku je kuna tumɓuke icce. Abin lura a nan ma shi ne, ƙwayar da ake bai wa dabba tana ƙarewa cikin ƙasar da muke noma da ruwan da muke sha.

Kurukuru

Wasu suna ce masa lallen suri, kuma sunan ya faɗi wurin zamansa. Feretia apodanthera ke nan. Ɗan icce ne mai siraran rassa a cukurkuɗe, da wuya ya wuce tsawon mutum biyu. Yana son tsohon suri a gefen tabki, ko inuwar tsamiya da kanya. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu. Da bazara, dab da faɗuwar ruwan farko, yakan rufe da fure fari mai ɗan ja-ja da ƙamshi, tun ganye bai fito sosai ba. Kwanaki kaɗan furen ke yi. Ɗiyansa kamar ƙwayar wake suke, ja, su koma baƙi idan sun nuna, da ɗan rawani a kai. Wanda ya rushe surin bakin tabki don ya ƙara faɗin garka, da kurukuru ya tafi.

Ungududu

Shi ba dangin waɗancan ba ne. Sunansa Crateva adansonii. Hanyar gane shi mai sauƙi ce, ƙidaya ce. Ganyen aduwa ya rabu biyu, na ungududu uku, na ɗinya biyar. Ganye uku a kan doguwar sanda ɗaya, ba ƙaya, idan an murza yana da ɗan wari. Ɓawonsa toka-toka ne da fararen ɗigo.

Da rani, lokacin da ya zubar da ganye, sai ya yi fure a ƙarshen rassa, fari yana komawa ruwan madara, da dogayen zare ruwan hoda-hoda masu duhu sun zubo kamar gemu. Wanda ya taɓa ganin ungududu cikin fure ba ya mantawa. Ɗansa kewayayye ne mai taurin ɓawo, yana reto a doguwar sanda.

Yana son gaɓar gulbi da gefen tabki, inda saiwa za ta kai ga danshi amma ruwa ba zai kwana a gindinsa wata da watanni ba. Mata suna tsinkar sabon ganye, su dafa su zubar da ruwan ɗacin, su yi kwaɗo ko miya. A shekarun yunwa ya ceci mutane. To amma idan ana tsinke toho duka kowace shekara, ana sassare rassa don a kai ga na sama, yaushe zai yi fure ya zubar da iri? Yakan fitar da ƴan tsirrai daga saiwa, ɗan nesa da gindi. Ku duba kewaye da tsohon ungududu. Abin da kuke ɗauka ciyawa ce mai ganye uku, ɗansa ne.

Gawasa

Gawasa ba ta tsayawa cikin ruwa, amma iccen ruwa ce. Neocarya macrophylla, Zabarmawa na ce mata gamsa. Tana fitowa a yashin kwari inda ruwan ƙasa yake kusa, kamar Dallol Boso da kudancin Damagaram, wajen Magarya da Kance. Masu haƙar rijiya sun daɗe da sanin haka. Inda gawasa ta yi yawa tana kore shar da rani, wuri ne da ya kamata a fara gwada rijiyar garka.

Gajeriya ce, gindinta a murɗe. Ƙananan rassanta masu kauri ne, da gashi ja-ja kamar tsatsa. Ganyenta babba ne mai tauri, ɗaya nan ɗaya can, bayansa fari-fari da laushi. Ɗanta kamar ƙwan kaza, ruwan ƙasa, da ƴan ƙuraje a jiki, namansa gari-gari da zaƙi. Cikin ƙwallon akwai ƙwaya mai mai, da wata auduga ja wadda mutanen da ke kama wutar ƙyastu da ita. Idan gawasar wani kwari ta fara bushewa daga sama, tsofaffi da yawa a lokaci guda, ku auna rijiyoyinku. Sau da yawa alama ce ruwan ƙasa ya yi nisa.

Biyu daga gabas

Mutanen Difa da ƙasar Manga suna da nasu. Na farko shi ne wanda Barebari ke kira babul, Larabawa kuma arak, wato iccen asuwaki, Salvadora persica. Yakan yi duhuwa a cukurkuɗe, rassa suna zubowa har ƙasa, kore rani da damana. Ganyensa biyu-biyu ne, mai kauri da ruwa-ruwa, kore mai haske. Ɗiyansa ƙanana ne kamar dawa, ja ko hoda, da ɗan yaji a baki. Raƙuma suna son sa. A bakin Cadi mutanen da sun riƙa ƙona shi su tace tokar su dafa gishiri. Babul yana jure laka mai gishiri da kanwa, wadda yawancin itatuwa ba su iyawa. Saboda haka idan kun ga shi kaɗai ya mamaye wuri, ga farin gari a kan ƙasa da rani, ku yi tunani kafin ku zuba kuɗinku a garkar tumatir can.

Na biyu shi ne ambac, Aeschynomene elaphroxylon. Shi cikin ruwa tsundum yake tsayawa, a gefen tabkin Cadi. Gindinsa a kumbure yake, yana sirancewa zuwa sama, da gajerun ƙayoyi. Ganyensa irin na tsamiya ne, furensa babba ne ruwan ɗorawa mai ja-ja, siffar furen wake, kwanson kuma a naɗe. Abin mamakinsa rashin nauyi. Yaro yana iya ɗaukar gungumen da ya fi shi tsawo da hannu ɗaya. Buduma suna kwanciya a kansa su yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, masunta kuma suna ɗaura shi a taru don kada ya nutse. Ambac yana bin ruwa ne. Idan ya yi zurfi ƙwarai ya mutu, idan ya ƙafe ya mutu. A farkon shekarun 1960 faɗin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ɓangaren Nijar ya ƙafe shekaru da dama, kuma a busasshiyar lakar wata baƙuwar ƙaya ta bazu, Prosopis juliflora, wadda aka kawo daga Amurka don tsayar da yashi.

Ba duk iccen bakin ruwa ke bukatar tsaro ba

Gumbi, Mimosa pigra, yana nan da yawa a gaɓar kogi. Ƙaya ce mai kama riga, furenta ƙwallo ne ruwan hoda, kwansonta da gashi, yana kakkaryewa gaɓa-gaɓa ya bi ruwa. A wasu wurare ana kiran wata sarƙaƙiyar tudu da wannan suna, don haka ku gwada: ku taɓa ganyen. Idan ya naɗe, wannan ne. Kaɗan daga cikinsa yana riƙe gaɓa, ƙananan kifaye kuma suna ɓuya ciki. Idan ya yi yawa yakan toshe mashaya, sai a rage shi. Kacalla kuma, ko da yake ciyawa ce, ta cinye fadamu da dama a Dallol Mauri da Damagaram. Ita da Prosopis, ku sare ba tausayi. Ƙarfin da ake ɓatawa kan giyayya, da a kansu aka ɓata shi da an ci riba.

Me ya rage su, me za mu yi

Fari ya yi nasa. Bayan 1973 da 1984 itatuwan kudu da yawa sun mutu a arewa ba su dawo ba. Madatsar ruwan Jibiya da aka gina a jihar Katsina wajen 1990 ta rage ambaliyar da Gulbin Maraɗi ke yi wa fadama, kuma iccen da ya saba da ruwa ya kwana a gindinsa kowace shekara ba ya jin daɗin haka. Tudun da aka share yana turo yashi ya binne laka. Waɗannan sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma gatari, wuta, akuya da haƙar saiwa suna hannunmu.

Idan za ku share garka, ku bar ɗamara tsakanin shukarku da ruwa, ko taku goma ne, kada a nome ta, kada a ƙone ta. Ita za ta tare yashi, a cikinta kuma ƙananan itatuwa za su tashi. Mai gari da masu garka da makiyaya su zauna su tsayar da mashaya da burtali, bisashe su riƙa shiga ta wuri ɗaya ko biyu. Wannan yana rage rigima ma.

Sassaben zamani, wanda manoman Maraɗi suka fara tun shekarun 1980, yana aiki a bakin ruwa kamar yadda yake aiki a gonar hatsi. A kututturen giyayya ku zaɓi toho uku ko huɗu masu ƙarfi ku bari, ku rage sauran. Ɗan tsiron ungududu ko gawasa ku kewaye shi da ƙaya har ya fi bakin akuya. Tsiron da ya fito da kansa ya riga ya zaɓi wurin da ya dace da shi, ya fi na leda saurin kamawa. Mai son dasawa kuma ya jira lokacin dashen 3 ga Agusta, ya sa kowane a zobensa: giyayya a laka, ungududu a gaɓa, gawasa a yashi.

Masu magani, muna roƙon ku. Idan ganye zai yi aiki, ku bar saiwa. Idan dole sai saiwa, ku haƙa gefe ɗaya, ku yanki reshen saiwa ɗaya, ku bar uwar, ku mayar da ƙasa ku danne. Ɓawo kuma kada a kewaye icce da shi, a ɗiba tsiri ɗaya a tsaye. Ku kuma iyaye, yaro mai zazzaɓi a kai shi likita a gwada jininsa tun ranar farko. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama dafa saiwa.

Dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974 ta lissafa itatuwa 15 da ba a sarewa sai da izini. Galibinsu manya ne, irin su gawo, giginya, goriba, kuka da tsamiya, gawasa ma tana ciki. An maye gurbin wannan doka da ta 8 ga Yuni 2004. A ranar 30 ga Yuli 2020 kuma aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da iccen da ya raina a gonarsa. Kafin ku sare babban icce a bakin ruwa, ku tambayi ma'aikacin gandun daji na gundumarku.

Idan kun gamu da iccen da ba ku sani ba, kada ku tumɓuke shi don ku nuna. Ku yanki reshe kamar kamu ɗaya, mai ganye da fure ko ɗiya. Ku shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti, ku ɗora katako da duwatsu, ku riƙa canza takardar kullum har ya bushe, wajen kwana bakwai. Mai salula ya ɗauki hoto uku: iccen gaba ɗaya, ganye ciki da baya, sai fure ko ɗa. Ku sa ɗan makaranta ya rubuta sunan wurin, da ranar, da irin ƙasar, laka ce ko yashi ko mai kanwa, da wata nawa ruwa ke kwana a gindin. Ku tambayi tsofaffi, mata da maza, da Fulani da Buzayen da ke shayarwa a wurin, sunan da kowa ke kiransa, a rubuta duka. A ƙarshen takardar a sa lamba biyu: tsofaffin itatuwa nawa kuka ƙidaya, ƙananan da ba su kai gwiwa ba kuma nawa. Sai ku miƙa wa malamin gona ko ma'aikacin gandun daji ranar kasuwa.